Kada a sallami mutum ba a ji ta bakinsa ba

Garin Gure yana gabas da Damagaram, bisa babbar hanyar kwalta wadda ta nufi Difa. Tsakaninsa da Damagaram wajen kilomita 160 ne. Gari ne na mahaɗa. In aka shiga kasuwarsa za a ji Mangawa suna ciniki da harshensu na Kanuri. Za a ji Hausa, a ji Fillanci, a ji Tubanci da Tamajak. Wani ya zo da kanwa da manda daga kwari, wani ya zo da dabino, wani ya koro awaki ko raƙuma daga arewa. Kowa da abin da ya kawo shi gari, kowa kuma da maganar da yake so a saurara.

Amma ba kowa ake saurara wa ba.

A ce wani dattijo makiyayi ya taso daga daji tun da asuba. Ya yi tafiyar rabin yini bisa raƙumi, don ya kai kuka a kan rijiyarsu da ta rufta. Ya isa wani biro, ya tuɓe takalma a ƙofa, ya yi sallama. Ma'aikacin da ke ciki bai ɗaga kai daga takardunsa ba.

— Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar rijiyarmu.

— Baba, ba yau ba. Ka dawo gobe.

— Ɗana, ai ban ko faɗi wace rijiya ba ce.

— Na ce gobe. Na baya ya shigo!

Ba a zagi dattijon nan ba, ba a kuma buge shi ba. Duka zancen bai kai minti ɗaya ba. Ya ɗauki takalmansa, ya hau raƙuminsa, ya koma daji. Dabbobinsa suna nan da ƙishirwarsu, shi kuma ya ƙaro ɓacin rai.

Mutanen Ingila suna da wani salon magana da suke kiran irin wannan hali da shi. Kalmomi biyu ne: short shrift. Ana faɗinsu kamar "shot shirift". Ya kamata ɗan makaranta ya san wannan magana. Kudu da Gure akwai iyakar Najeriya, da garuruwa irin su Macina da Nguru da Gashuwa, inda Ingilishi yake harshen gwamnati. Ɗalibin da ya shiga kwaleji zai fara koyon Ingilishi tun daga ajin farko. Ban da haka, a shekarar 2025 an sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki a Nijar. Wanda ya san asalin wannan magana kuwa, zai ƙaru da abin da ya fi Ingilishi.

Asalin maganar

Kalmar farko, short, ma'anarta gajere. Ta biyu, shrift, tsohuwar kalma ce ta addinin Kirista. A zamanin da, in Bakiristen Ingila ya yi zunubi, yakan tafi wurin limaminsu. Ya faɗi abin da ya aikata, limamin ya saurare shi da kyau. Bayan haka sai ya yanka masa abin da zai yi na tuba, ya sanar da shi gafara. Wannan zama shi ake kira shrift. Kalmar ta fito daga wata kalmar Latin, scribere, wato rubutawa. Daga wannan tushe ne kuma Faransanci ya samu kalmar écrire, wadda kowane ɗan aji ya sani.

Har mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa akan ba shi wannan dama. Akan kira masa limami ya faɗi abin da ke ransa kafin ya mutu. In masu kisan suna sauri, sai su taƙaita masa lokacin. Wannan shi ne short shrift na asali: ɗan guntun lokacin tuba da ake ba wanda an riga an gama shawarar kashe shi.

Ga labarin da ya sa maganar ta shahara. A watan Afrilu na shekarar 1483 sarkin Ingila Edward na 4 ya rasu. Ya bar ɗa mai shekara 12, wanda ya kamata ya gaje shi. Aka ba ƙanen marigayin, Richard, riƙon ƙasa kafin yaron ya girma. To, akwai wani babban bafade mai suna Hastings, aminin marigayin, wanda yake tsaye a bayan yaron. Ranar 13 ga watan Yuni na wannan shekara aka yi zaman majalisa a wani tsohon gidan sarauta mai ganuwa a birnin Landan. Ana cikin zama sai Richard ya tuhumi Hastings da cin amana. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a nemi shaidu ba. Aka fitar da shi waje aka fille masa kai. Kafin watan ya ƙare Richard ya hau gadon sarauta. Bai daɗe a kai ba, don an kashe shi a fagen yaƙi a shekarar 1485.

Bayan shekara ɗari da ƴan kai, wani shahararren marubuci mai suna William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan wannan sarki. Sunan wasan Richard na 3, an kuma fara buga shi a 1597. A cikin wasan, wani yaron Richard ne yake hanzarta Hastings ya taƙaita tubarsa, wai don ubangidansa yana so ya ci abinci. A nan aka ga kalmomin nan biyu tare. Ran mutum guda aka ɗora a ma'auni da akushin tuwo, akushin ya rinjaya.

Maganar ta yi shekaru masu yawa ba a cika jin ta ba. A ƙarni na 19 marubuta irin su Walter Scott suka sake tono ta. Daga nan ta fita daga zancen kisa, ta shiga zancen yau da kullum.

Yadda ake amfani da ita

A yau in an ce an ba mutum short shrift, ana nufin an sallame shi da sauri, ba tausayi, ba a tsaya an auna maganarsa ba. Da fi'ili biyu aka fi haɗa ta. Wanda ya yi sallamar, akan ce ya bayar, wato give short shrift. Wanda aka yi wa, akan ce ya samu, wato get short shrift. A misalin da ya gabata, ma'aikaci ne ya bayar, dattijo ya samu.

Ba mutum kaɗai ake yi wa ba. Ana yi wa shawara, ana yi wa ƙara, ana yi wa roƙo. In majalisa ta ture wata shawara ba ta tattauna ta ba, jarida takan ce shawarar ta samu short shrift. In littafin tarihi ya yi shafi ɗari a kan sarakuna, ya yi layi biyu a kan manoma, akan ce ya ba manoma short shrift.

Akwai kuskuren da har masu harshen suke yi. Wasu sukan ce shift maimakon shrift, su yar da harafin r. Dalili kuwa shi ne, kalmar shrift ta tsufa, ba a cika jin ta ita kaɗai ba sai a cikin wannan magana. Hausa ma tana da irin wannan. Kowa yana cewa an yi shakulatin ɓangaro da abu, amma ba a jin mutum ya ɗauki "shakulatin" ya sa ta a wata jimla dabam.

Wani abin lura shi ne, ba a fassara salon magana kalma da kalma. In ɗalibi ya rubuta wai an ba dattijo "gajeriyar tuba", babu Bahaushen da zai gane. Haka kuma in ya ɗauki "kunnen uwar shegu" ya juya ta kalma da kalma zuwa Faransanci, mushe zai yi dariya. Abin da ake yi shi ne a nemi ma'ana, sannan a duba yadda masu ɗaya harshen suke faɗinta. Bafaranshe yakan ce envoyer promener, wato a tura mutum yawo. Bahaushe kuwa yana da hanyoyi da yawa, kowace da inda ta dace.

In an ji magana aka ƙi kulawa, an yi biris ke nan, ko an yi kunnen uwar shegu. In an dubi mutum sama da ƙasa da raini, an yi masa kallon hadarin kaji. In an ba mutum amana ya riƙe ta ba da daraja ba, ya yi mata riƙon sakainar kashi. In an fatattaki mutum da wulaƙanci, an yi masa korar kare. In an dinga ɗaure masa fuska har ya gaji ya tafi da kansa, an yi masa kora da hali. Dukansu dangin juna ne. Abin da ya bambanta maganar Ingilishin nan shi ne gaggawa. Saboda haka fassarar da ta fi kusa ita ce a ce an katse masa hanzari, ko an sallame shi tsaye-tsaye, ko ba a bari ya rufe baki ba.

Abin da ya sa halin ba shi da kyau

Yawan waɗannan kalmomi a Hausa ya nuna cewa mutane sun daɗe da sanin zafin abin. Shi ya sa al'ada ta yi masa shinge. Baƙo in ya zo, akan ba shi ruwa da wurin zama kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Akan gaisa, a tambayi gida da gajiya da dabbobi. In dole ta sa a katse mai magana, akan ce masa: "Ban tari numfashinka ba." An kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Addini ma ya yi magana a kai. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya karanta surar Abasa. Malamai sun faɗi dalilin saukarta. Wani makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo yana neman ilimi a lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake magana da manyan Ƙuraishawa. Allah ya saukar da surar don ya nuna cewa mai neman gaskiya ya cancanci a juyo gare shi, ko da makaho ne, ko da talaka ne. Bayan haka wannan sahabi ya samu girma ƙwarai, har ya zama ɗaya daga masu kiran salla a Madina.

Sallamar gaggawa tana ɓata abu biyu. Na farko, tana karya zuciyar wanda aka yi wa. Mutumin da aka kora sau biyu ba ya dawowa na uku. Macen da aka daka wa tsawa a wurin awo, wata rana ɗanta zai yi zazzaɓi ta ƙi kai shi. Yaron da aka yi wa dariya don ya yi tambaya a aji, zai rufe bakinsa har ƙarshen shekara, ya tafi da rashin saninsa.

Na biyu, shi kansa mai sallamar yana hasara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Gure rairayi yana tafiya, yana cinye kwaruruka masu dabino da rake da rogo. Manomin da ya shekara hamsin a bakin kwari ya san ta inda iska take kawo rairayi. Ya san wane tudu ne yake motsi, wane ne ya zauna. In masanin da ya zo kafa shinge ya ƙi sauraronsa don bai yi lakwal ba, yana iya kafa shingen inda ba nan ba ne. Makiyayin nan da aka ce ya dawo gobe, wataƙila shi ne mutum na farko da ya ga alamar wata cutar dabbobi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yaron da aka saurara

Tarihin wannan yanki yana da misalin abin da saurare yake haifarwa. A watan Disamba na shekarar 1852 wani matafiyi Bajamushe ya sauka a Gure. Sunansa Heinrich Barth, mutane kuma suna kiransa Abdulkarim. Daga Kukawa ta Barno ya fito, zai tafi Damagaram. A lokacin Gure ita ce fadar Koso, sarkin Muniyo. A cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan wani ƙauye da ake kira Dambanas. An kama shi bawa tun yana ƙarami, aka sayar da shi, har wani abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya ƴanta shi.

Wa zai tsaya ya saurari yaron da jiya-jiya bawa ne? Aikinsa hidimar ubangida da kula da raƙuma. Amma ya bi Barth har Tumbutu, ya ƙetare hamada da shi, suka isa Ingila a 1855. A can wani malami mai suna Schön ya zauna da shi. Dorugu yana magana da Hausa, malamin yana rubutawa. Ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, ya yi tatsuniyoyi. Maganarsa ta taimaki Schön wajen rubuta nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. A 1885 aka buga labaransa a cikin wani littafi mai suna Magana Hausa. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, daga baya har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano. Ya rasu a 1912.

Da an ce masa: "Kai, tafi can, yaro man kaza," da duk wannan ya bi iska. Yau masu nazarin Hausa a ƙasashe da yawa suna karanta abin da yaron nan ya faɗa.

Harshe ma ana yi masa

Ba mutum ɗaya kaɗai ake katse wa hanzari ba. Akan yi wa harshe sukutum. A zamanin mulkin Faransa, makarantar boko ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Yaro yakan zo da Hausarsa ko Kanurinsa, a ce ya aje su a ƙofar aji tare da takalmansa. A makarantu da yawa akwai wani abu da ake kira sambol. Wanda aka kama yana magana da harshen gida sai a rataya masa. Shi kuma ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa, don wanda abin ya kwana a hannunsa shi ke shan horo. Ba a taɓa zama an tambaya ko waɗannan harsuna suna iya ɗaukar lissafi da kimiyya ba. An yanke musu hukunci ba a ji ta bakinsu ba.

Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga watan Agusta 1960, amma makaranta ba ta sake hali nan da nan ba. A 1966 aka yi taro a Bamako, masana suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Kanuri da Fillanci da Tamajak da Zabarmanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa. Daga baya aka buɗe wasu da Zabarmanci da Kanuri da Fillanci da Tamajak. Tsarin shi ne yaro ya fara karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya sani, Faransanci ya shigo sannu-sannu. Da aka auna ƴan waɗannan makarantu da takwarorinsu, an tarar ba su kasa ba.

Duk da haka makarantun sun daɗe suna ƴan kaɗan, ana ta kiransu na gwaji. Sai a 1998, bayan shekara 25, dokar ilimi ta ƙasa ta ambaci harsunan gida a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2001 wata doka ta lissafa harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kuma, sabon kundin da aka kafa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa.

Wannan abin farin ciki ne ga mai jin Hausa. Amma akwai nauyi a cikinsa, musamman a gari irin Gure. A aji guda akwai yaron da ya tashi da Kanuri a gida, akwai wanda ya tashi da Tubanci ko Fillanci. Ɗan Manga yana iya cewa "yarinya ya zo", don harshensa ba ya raba namiji da mace kamar yadda Hausa take yi. In ƴan aji suka fashe da dariya, suka hana shi ƙare jimlarsa, sun maido da sambol ke nan ta bayan gida. Yaron nan yana fama da harshe na biyu, ga na uku yana jiransa. Mai yi masa dariya kuwa wataƙila ko gaisuwa bai iya da Kanuri ba. Harshen da aka taɓa kora daga aji bai kamata ya zama mai korar ƴan'uwansa ba.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: "Wannan duk daɗin baki ne. Likita yana da mutum hamsin a layi. Malami yana da aji cike. In kowa aka ba shi awa guda, yaushe za a gama?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Lokaci ba ya isa, kuma akwai masu dogon zance da ba su san inda za su tsaya ba.

Wani kuma zai ce akwai maganar da ba ta cancanci a saurare ta ba. Wannan ma haka ne. Su kansu masu Ingilishi wani lokaci da yabo suke faɗin maganar. In alƙali ya gano ƙarya ya yi watsi da ita nan take, sukan ce ya ba ta short shrift, suna nufin ya yi daidai. Magulmaci in ya zo da tsegumi, mafi kyau a sallame shi tsaye-tsaye. Haka mai zuga yara su yi faɗa, haka mai kiran ɗalibi ya gudu daga makaranta.

To, ina bambancin? Bambancin shi ne wanne ya riga wanne, ji ko hukunci. Alƙalin da ya yi watsi da ƙarya sai da ya ji ta ya gane ƙarya ce. Ma'aikacin da ya kori dattijo bai ji kome ba. Rawaninsa ya gani da ƙurar daji a ƙafarsa, ya yanke hukunci. Labarin Annabi Sulaimanu da alhudahuda ya nuna hanyar da ta dace. Ya duba tsuntsaye bai gan shi ba, ya yi fushi, ya ce zai hore shi sai fa in ya zo da hujja. Da tsuntsun ya komo, sai ya bar shi ya yi bayani. Ya kawo labarin ƙasar Saba. Annabi Sulaimanu bai gaskata nan take ba, bai kuma ƙaryata ba, sai ya bincika. Sarki ne mai mulkin mutane da aljannu, ya tsaya ya ji ta bakin ɗan tsuntsu.

Zancen rashin lokaci kuwa, saurare ba ya cin lokaci kamar yadda ake zato. Da ma'aikacin nan ya ɗaga kai ya amsa sallama, ya bar dattijo ya faɗi sunan rijiya, ya nuna masa ƙofar da ta dace, minti uku ya isa. Yanzu kuwa dattijo zai dawo gobe, a sake sabon zance, ko kuma ya ƙi dawowa rijiya ta lalace gaba ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Ana iya cewa a'a cikin mutunci, mutum ya tafi ba tare da ya ji an raina shi ba. Yawancin mutane sun fi jure a hana su abu bayan an ji su, da a kore su ba a ji ba.

Abin da ɗan makaranta zai iya yi

Kada ɗalibi ya ce wannan zancen manya ne. Hali tun daga ƙuruciya yake farawa. In ƙanensa ya zo da tambaya yana cikin karatu, yana iya ce masa: "Dakata in ƙare wannan layi," sannan ya cika alkawari. In yarinya ta ɗaga hannu a aji, ba daidai ba ne maza su yi ta surutu har ta sauke. In kakarsa ta fara labarin yunwar da aka yi a shekarun 1973 da 1974, ko ta 1984, ya zauna ya ji, ko da ya taɓa ji. Abin da ta gani da idonta ba duka ke cikin littafi ba.

In kuma shi aka katse wa hanzari, kada ya yi zuciya ya daina magana. Ya jira lokacin da ya dace, ya tsara maganarsa a taƙaice, ya sake gwadawa cikin ladabi. Yana kuma da makamin da dattijon nan ba shi da shi, wato alƙalami. Jikan makiyayi da ke aji biyar yana iya zama kusa da kakansa ya ce:

— Kaka, faɗa mini sunan rijiyar da ranar da ta rufta, in rubuta.

Ya rubuta da Hausa yadda tsohon ya faɗa, ya karanta masa ya ji ko daidai ne, sannan ya juya da Faransanci. Takarda tana zama bisa tebur bayan mai ita ya tafi, ana kuma iya kai ta gaba.

Ƴan ajin yau su ne ma'aikatan gobe. A cikinsu akwai likita, akwai malama, akwai alƙali, akwai mai riƙe da hatimi a biro. Wata rana wani tsoho zai tuɓe takalma a ƙofar ɗayansu, ya yi sallama da Hausar da ba ta nuna ba. A ranar nan ya kamata ya tuna da Hastings da Dorugu, ya aje alƙalami, ya ɗaga kai ya ce:

— Sannu da zuwa, Baba. Zauna ka huta. Me ke tafe da kai?

Tambayoyi

1. Mene ne asalin ma'anar kalmar shrift? Wace kalmar Faransanci ce suka haɗa tushe da ita?
2. Me ya faru da Hastings a shekarar 1483?
3. Mene ne bambancin korar kare da kora da hali?
4. Don me ba a fassara salon magana kalma da kalma?
5. Wane amfani aka samu da aka saurari Dorugu?
6. A wane hali ne ya dace a sallami magana da gaggawa?
7. Yaya ake cewa "sannu da zuwa" da Kanuri, da Fillanci, da Tubanci? A tambayi abokan aji, a rubuta a kaye.